Guɗar da Na Kusa Rasawa

Ni dai tun tasowata ba a taɓa yabona da kyau ba, balle haƙuri. Murya aka san ni da ita. Shekara ashirin da ɗoriya ina koyarwa a firamaren garinmu ban taɓa ɗaukar bulala ba, don tsawa ɗaya in na daka har ajin da ke kusa da nawa sai ya nutsu. In kuwa biki ake a garin nan namu na gefen ruwan Watari, to ni ce mai guɗa. Da zarar maza sun aiko daga ƙofar gida cewa an ɗaura, sai ka ga mata sun bar tukwane suna waige-waige suna nemana. In na kama hanci na rangaɗa ta, masu ban-ruwan albasa a fadama sukan ɗago kai su ce, "To, an ɗaura." Ba yabon kai ba ne, su suka faɗa mini da bakinsu.

Da tari abin ya fara, a ƙarshen damina. Na raina shi, na yi ta shan maganin kemis ina zuwa makaranta, har ranar da na kasa kai buta daga ɗaki zuwa bayi sai da na huta a hanya. Malam maigidana ya ce ya isa haka, ya ɗauke ni sai birni. A babban asibiti aka ɗauki hoton ƙirjina, likita ya ce ruwa ne ya taru a gefen huhuna na dama, ya yi kauri ya danne shi, kuma zuƙewa ba za ta wadatar ba, sai an buɗe. Aka tsaga ni daga ƙasan hammata aka zagaya ta baya. Da na farfaɗo na ga tiyo ya fito daga haƙarƙarina ya sauka cikin kwalba a ƙasan gado, na ce to, yau na zama injin ban-ruwa.

Washegari ina kwance ina lallaɓa numfashi kaɗan-kaɗan don kada ciwon ya ji ni, sai ga wata yarinya cikin farar riga. Daga sashen fisiyo take, wato masu koya wa marasa lafiya motsa jiki. A shekaru ba ta wuce ɗaliban da na yaye ba.

"Mama, sannu da jiki," ta ce. "Tashi zaune za mu yi."

"Tashi ina? Ke, jiya fa aka yanka ni!"

"Shi ya sa ma, Mama."

Ta tallafe ni na zauna, ina kiran sunayen Allah. Ta miƙo mini wata 'yar roba mai ɗaki uku, kowane ɗaki da ƙwallo ɗaya a kwance, ga ɗan tiyo a jiki da ake sa wa baki. Na kama na hura da iya ƙarfina, ƙwallayen ko gezau. Ta yi murmushi ta ce ba hurawa ake ba, zuƙa ake, a hankali, har ƙwallo ta tashi a riƙe ta a sama. Na zuƙa. Ta farko ta ɗan yi tsalle ta koma, ni kuwa na ga taurari da rana tsaka.

Ta yi mini bayani dalla-dalla. Huhun nan ya daɗe a danne, an cire abin da ya danne shi, amma ba zai buɗe da kansa ba sai na cika shi da iska. In ban cika shi ba kaki zai kwanta a ƙasansa, ciwo ya dawo. Abu uku ta ɗora mini: in zuƙi robar sau goma duk awa ɗaya in dai idona biyu, in rungumi filo a kan ɗinkin in yi tari in fitar da kaki, in kuma riƙa tafiya. Na ce na ji, a raina kuwa ina cewa yarinya ba ta san zafin wuƙa ba.

Ranar da za a sallame ni 'yar ƙanena ta zo. Ubanta ya rasu tana ƙarama, mahaifiyata ce ta raine ta, kuma an sa ranar aurenta bayan an cire albasa, saura wata biyu ke nan. Ta zauna a bakin gado tana wasa da gefen mayafinta, can ta ce, "Goggo, ni fa ba wadda za ta yi mini guɗa sai ke." Na ce mata ta kwantar da hankalinta. A 'yan'uwan ubanta ni kaɗai na rage mata, ba zan bari wata bare ta yi wa 'yar ƙanena guɗa ina zaune ina kallo ba. Da ƙarfin hali na faɗa, don ko wannan maganar sai da na raba ta biyu na huta a tsakiya.

Gidan Inna aka wuce da ni jinya, don Malam wuni yake a fadama. Inna mahaifiyata ungozoma ce, rabin mutanen garinmu a hannunta suka faɗo duniya. Ni ce 'yarta ta fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ne sunana a bakinta har yau. Ta ɗaga rigata ta dubi ɗinkin, ta tafa hannu ta yi salati.

"Haka suka sako ki? Su tsaga mutum su ɗinke, ko ɗauri babu?"

Ta buɗe akwatinta ta ciro wani tsohon zanen saƙi mai ƙwari, wanda take ɗaure wa masu jego ciki da shi. Ta naɗe mini ƙirji tun daga hammata har ƙasan haƙarƙari, ta sa gwiwa a bayana ta ja, ta ƙulle tamau. Gaskiya kuwa zan faɗa, na ji daɗi. Ciwon ya lafa, na ji kamar an haɗa ni wuri ɗaya. Daga nan ta kafa dokokinta. Tari, kul, zan fasa ɗinki, in ya taso ga zuma in lasa. Tafiya, daga gado sai bayi. Robar asibiti kuwa ta juya ta gaba da baya ta ce abin wasan yara ne, ta ɗora ta a kan kwabet.

Masu dubiya suka yi ta zuwa da kwanukan kunu da fura, kowacce da maganarta ɗaya: "Malama, ki kwanta, kada ki motsa." To ni wace ce da zan ƙi? Ni da na yi karatu, na kuma ji bayanin yarinyar nan da kunnena, sai na zaɓi maganar da ta fi mini daɗi. In Inna ta fita nakan sa a sauko mini da robar in zuƙa sau biyu ko uku, ƙwallon farko ta tashi rabi ta faɗi, in ce ai na yi.

Wata rana da hantsi gidan ya zama ba kowa. Na ce bari in gwada abina. Na kama hanci na buɗe baki, abin da ya fito ko ɗan tsako ya fi shi ƙara, sannan tari ya sarƙe ni na dinga haɗiye shi don tsoron ɗinki. Ranar na yi kuka sosai. Tsoro ne ya kama ni, na ga alƙawarin da na yi wa marainiya zai tashi a banza.

Kafin sati biyu su cika zazzaɓi ya fara ziyartata da yamma. Ranar komawa asibiti ta zo, Inna ta yafa mayafi ta ce da ita za a je, tana so ta ga masu yankan nan da idonta. Muka shiga mota har Bacirawa, daga nan muka hau adaidaita, duk ramin da ya faɗa sai na ce wayyo, Inna ta ce wa direban in ba zai iya ba ya sauka ta karɓa.

Likita ya saurari bayana, ya tura aka sake hoto, ya dube shi ya ɓata fuska. Ya ce ƙasan huhun bai buɗe ba. Ya rubuta magani, ya ba ni sati biyu, in na dawo a haka kwantar da ni zai yi. Na lissafa a raina, na ga in aka kwantar da ni, to a gadon asibiti zan ji labarin bikin.

Ya tura mu wurin yarinyar fisiyo. Ta ce bari ta ɗora hannu a haƙarƙarina ta ji yadda suke buɗewa. Tana ɗorawa ta tsaya, ta ɗaga rigar. Ta kama bakin zanen ta fara warwara, tana zagaya ni, tana zagaya ni, kamar mai kwance rawani. Da ta gama na ja wani numfashi da rabona da irinsa tun a asibiti.

"Wa ya ɗaura wannan?" ta tambaya.

"Ni," in ji Inna, ta gyara zama.

Na sha jinin jikina. Na riga na shirya, in yarinyar nan ta ɗaga wa uwata murya, to da huhu ɗaya ma zan yi mata tatas. Amma sai ta jawo kujera ta zauna ƙasa da Inna, ta yaba ɗaurin, ta ce wanda ya yi shi ya san aikinsa. Na ce mata ai ungozoma ce.

"Allah sarki, ashe uwarmu ce a aiki. Inna, in jariri ya faɗo, me kike fara jira?"

"Kuka mana."

"In bai yi ba fa?"

"Sai in sa shi. In murza masa baya, in ɗalle masa tafin ƙafa, har sai ya canyara."

"Ba kya tausayinsa?"

"Tausayin ke nan. In bai yi kuka ba ta ina iska za ta shiga?"

"To Inna, huhun Mama na dama yanzu ya faɗo, kuma bai yi kukan ba tukuna. Zanen nan ya hana shi. Ɗinkin kuwa na ciki da na waje duk sun kama, tari ba zai fasa shi ba."

Inna ta miƙa hannu. Ta karɓi zanenta ta ninke ta sa a jaka. Har muka dawo gida ba ta yi wa ko direba ɗaya faɗa ba, abin da ya tabbatar mini akwai magana a ranta.

Bayan la'asar ta sauko da robar daga kan kwabet, ta wanke bakin da sabulu, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta zauna. Ni ina kan kujera, 'yar ƙanena tana tankaɗe. Inna ta sa baki ta zuƙa. Ƙwallaye ukun nan suka tashi gaba ɗaya suka bugi rufin, kwas! Tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu!

"Wannan ne kike wa raki?" ta ce da ni.

Jikarta ta saki rariya tana dariya. "Kai, tsohuwa mai ran ƙarfe! Ashe ke ce kike shanye mana iskar gidan nan."

"Ja'ira, ajiye surutu ki zo ki ɗaure ni."

Ta miƙa mata zanen. Yarinya kuwa ta samu abin da take so, ta naɗe kakarta tana ƙyaƙyatawa. Inna ta ce, "Ja mana, ba ki ci tuwo ba ne? Sa gwiwa!" Da aka ƙulle ta sake ɗaukar robar ta zuƙa. Ta farko ta tashi, ta biyu ta yi rawa a ƙasa ta ƙi. Ta sake, har jijiyar wuyanta ta fito. Haka dai. Dariyar ta tsaya. Inna ta kwance zanen da kanta, ta daɗe tana kallonsa.

"Ciki daban, ƙirji daban," ta ce. Iyakar ban-haƙurin da na samu ke nan, kuma ya ishe ni. Sai ta juyo ta miƙo mini robar. "Ke, karɓi."

Wallahi da na san abin da zai biyo baya da na roƙi a bar mini ɗaurina. Matar da ta hana ni motsi ita ce ta dawo ta hana ni sakat. Da carbinta take ƙirga mini goman, kuma in ƙwallo ba ta tsaya a sama ba ba za ta ja ƙwayar carbin ba. An ce duk awa ɗaya, to Inna ba ta da agogo, duk lokacin da ta waiwayo ta gan ni a zaune awa ta cika. Ta cika kasko da toka ta ajiye a gabana, ta tura mini filo, ta tsaya a kaina sai na yi tari na tofar. Ta kuma riƙe abin da yarinyar fisiyo ta nuna mana kafin mu taho daga asibiti: hannu a kan ciki, a ja iska ta hanci har cikin ya taso, a riƙe a ƙirga uku, a sake ta ta baki a hankali kamar mai hura kunu. In na yi sauri sai in ji, "Wa ke korar ki?"

Da zafi fa, kada wani ya ce muku babu. Kwana uku na farko duk tarin da na yi sai na ji kamar ana sake tsaga ni. Rana ta huɗu na yi jifa da filon na ce, "Inna, kashe ni za ki yi?" Ta ɗauko shi ta kakkaɓe ta mayar mini a ƙirji ta ce, "Ga murya nan ta fara dawowa. Saura shida."

Masu dubiya ma ba su tsira ba. Duk wadda ta ce in kwanta sai Inna ta hau ta da bayanin huhu, kai ka ce ita ta yi aikin. Wasu har suka riƙa zuwa musamman don kallon ƙwallo. Ranar da ta biyu ta tashi ta tsaya, mata huɗu ne a ɗakin, suka sa shewa kamar an ce an sauka lafiya.

Tafiya kuwa daga zaure muka fara. Sai bakin rijiya, sai bayan makaranta, inda yara suka hango ni suka ruga aji da gudu, abin da ya faranta mini rai ƙwarai. Ranar da muka kai fadama Malam yana tsaye cikin kwamin albasa da fartanya a hannu. Ya dube ni ya dubi Inna, ya cire hula ya mayar, sai ya ce wai ko za mu sha rake.

Da sati biyun suka cika likita ya dubi sabon hoto ya gyaɗa kai, ya ce ba kwanciya. Na leƙa wurin yarinyar fisiyo na tambaye ta a kunyace ko mai irin ciwona tana iya guɗa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce tun da take aiki ba a taɓa yi mata wannan tambayar ba. Ta ce in na ɗaga ukun in yi abina, in na ji zafi in tsaya.

Ta ukun nan ita ta ba ni wahala. Sai ana saura kwana biyar biki ta tashi, ta taɓa sama ta faɗo, ko ƙirga ɗaya ban yi ba. Guɗar kuwa na kasa sake gwadawa, ina tsoron in ji abin da na ji ranar nan. Wata maƙwabciyarmu ta zo har ɗaki ta ce in ba zan iya ba ita za ta yi, ba komai ai. Da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma na ji kamar in shaƙe ta. Amarya ce ta amsa daga inda ake mata lalle, ta ce, "Goggona za ta yi."

Ranar Asabar da hantsi aka ɗaura. Gidan Inna ya cika maƙil, manyan tukwane a kan wuta, amarya tana ƙuryar ɗaki an lulluɓe ta. Ni ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin. Can muka ji hayaniyar maza ta lafa, aka shafa fatiha, sai murya daga zaure: "An ɗaura! Alhamdu lillahi, an ɗaura!"

Mata suka juyo. Gidan ya yi tsit, har ƙarar itace a murhu ina ji. Na ɗora hannu a cikina, na ja iska ta hanci a hankali, na ji ta sauka, haƙarƙarina suka buɗe, tabon ya ja ni ta baya amma ya bar ni. Na riƙe. Na kama hanci na sake ta.

"Ayyiririri!"

Ta fito. Ba ta kai ta da kauri ba, amma tawa ce, kowa ya san tawa ce. Na ja ta, na ja ta, mata suka fara murmushi. Sai a tsakiya na ji iskar tana ƙarewa, muryar ta fara rawa, na san yanzu za ta yanke a gaban jama'a. Kafin ta yanke sai wata guɗar ta taso daga bayana ta ɗauke ta, tsohuwar murya, a dishe, amma da ƙarfi. Inna ce. Rabon da wani ya ji guɗarta tun ranar da aka fita da gawar ɗanta, uban amarya, ta ce ita da guɗa har abada. Ta riƙe mini ita har na sake cika ƙirjina, na shigo muka ƙarasa tare. Gidan ya kaure da shewa, na hango kafaɗun amarya suna rawa a ƙarƙashin mayafi.

Na zauna a dokin ƙofa. Inna ta zo ta zauna kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. Ta dubi ɗakin da jikarta take ta ce, "Da ubanta yana nan," ba ta ƙarasa ba. Na kama hannunta, ba ta janye ba. Muka zauna a nan mu biyu muna haki har aka shigo da goro da alawa.